Kalangu a Cikin Aljihu: Sharhi a Kan Rumbun Sauti na Masu Haɗa Kiɗa a Boɗinga da Shagari

Wanda ya bar Sakkwato ya kama hanyar da ta nufi Tambuwal da Jega, Boɗinga zai fara tararwa, sa'an nan in ya ƙara gaba ya iske Shagari. Garuruwan nan biyu sananni ne ga masu nazarin adabinmu. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna tun wajen 1810 har 1815, ƙanensa Abdullahi kuwa yana Boɗinga kanta kafin ya koma Gwandu. Shagari ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda tun yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya, kafin ya riƙe shugabancin ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Amma abin da ya kai ni can ba tarihin malamai ba ne. Na je ne in saurari waƙoƙin biki da na siyasa da samari ke haɗawa da kwamfuta, domin in ga yadda su ke bi da karin sautin Hausa. Da na zauna da su sai na tarar ba za a iya hukunta waƙoƙin nan ba sai an fara duba wani ɗan akwati da bai kai tafin hannu ba, wanda kowane mai haɗa kiɗa ke yawo da shi a aljihu.

Shi wannan akwati, a takardar nan zan kira shi rumbun waje, gama kamar rumbun hatsi ya ke: ba a cikin ɗaki ya ke ba, amma daga cikinsa a ke ci. Ana haɗa shi da kwamfuta ta wata 'yar waya, a cire in an gama.

Bari mu fara da yadda aikin ya ke, don malaman da ba su taɓa shiga situdiyo ba. Abu uku ne ke haɗuwa kafin kiɗa ya fito. Akwai kwamfuta, akwai manhajar da a ke jera kiɗan a cikinta, akwai kuma taskar sauti. Manhajar da na fi gani ita ce FL Studio, ta kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, wadda ta fara da sunan FruityLoops kafin a sāke mata suna a 2003. Wasu kuwa Cubase su ke riƙe da ita, ta kamfanin Steinberg na Jamus, wadda ta fito tun 1989. Manhaja ita kaɗai kurma ce. Abin da ke ba ta murya shi ne taska, watau tarin gutsattsarin sauti waɗanda aka ɗauka daga kayan kiɗa na gaske: bugu ɗaya na ganga, busa ɗaya ta sarewa, taɓi ɗaya na tsarkiya, kowanne a fayil nasa. Mai haɗa kiɗa sai ya kira gutsure ya ajiye shi inda ya ke so a cikin layin waƙa.

To, me ya sa ba a barin taskar a cikin kwamfuta? Lissafi ne ya hana. Sautin da aka ɗauka bisa ƙa'idar faifan CD ana auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo yana cin bayit 2, ga kuma ɓangaren dama da na hagu. Ke nan daƙiƙa ɗaya bayit 176,400 ce, minti ɗaya kuwa ya ɗara megabayit 10. A ce za a ɗauki fiyano mai maɓallai 88, kowane maɓalli a taɓa shi da ƙarfi iri 10, kowane taɓi a bar shi ya yi daƙiƙa 10 yana amo. An tashi da gigabayit ɗaya da rabi ke nan, don kayan kiɗa guda. Tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka da samarin nan ke iya saye ba su da cikin ɗaukar irin wannan kaya. Ban da haka, sau da yawa kwamfutar ba ta mai kiɗan ba ce; ta ɗan'uwa ce, ko ta mai shagon buga takardu. Saboda haka dukiyarsa duka tana rumbu: yau ya jona shi a Boɗinga, gobe a wani situdiyo na cikin Sakkwato.

Ni dai a ganina wannan dabara ce mai kyau, ba kuwa zan zarge su a kanta ba. Sai dai tana da sharuɗɗa da ba kowa ya sani ba. Taska tana yarda da zaman waje. Ita manhaja ba ta cika yarda ba, domin lokacin da a ke girka ta tana shuka wasu fayilolinta da shaidar lasisinta a cikin kwamfutar kanta, in aka ɗauke ta aka kai wata na'ura sai ta ƙi tashi, ko ta tashi babu rabin kayanta. Sa'an nan akwai maganar sauri. Manhaja irin su Kontakt, ta kamfanin Native Instruments na Balin, farkon kowane gutsure kawai ta ke ɗorawa a ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, sauran kuwa tana janyo shi daga rumbu a daidai lokacin da a ke kiɗan. Idan ƙofar da aka jona rumbun tsohuwa ce, irin USB 2.0 mai ɗaukar megabit 480 a daƙiƙa, kuma rumbun mai faifai ne da ke juyawa sau 5,400 a minti, da zarar kayan kiɗa sun yi yawa sai a ji waƙa tana sarƙewa tana ƙyas-ƙyas. USB 3.0, wadda aka fitar a 2008, ta ninka waccan wajen sau goma, rumbu marar faifai kuma da a ke kira SSD ba ya ɓata lokaci wajen neman gutsure. Amma kuɗinsa ya fi.

Na ga wani abu da idona a Boɗinga wanda ya isa misali. Wani saurayi ya buɗe mini aikin da ya kwana uku yana yi wa wata amarya, sai manhaja ta ce ba ta ga ko ganga ɗaya ba. Ya yi zufa, yana zaton ƙwayar cuta ce ta cinye masa kaya. Alhali kuwa ba abin da ya ɓata. Windows tana ba kowane rumbu harafi gwargwadon wanda ya riga shiga; jiya rumbunsa E ne, yau an riga an soka wani ɗan filashi, sai ya koma F, manhaja kuwa tana can tana ƙwanƙwasa ƙofar E. Maganin abin bai fi minti biyu ba: a ba rumbun harafi tabbatacce daga can ƙarshen abacada, wanda ba mai ƙwace masa. Na ambaci wannan ne don a gane waƙar da a ke haɗawa haka ba ta ƙunshe da sautinta. Adireshin sautin kawai ta ke riƙe da shi.

Yanzu sai babbar tambaya, wadda ita ce dalilin takardar nan. Mene ne a cikin rumbun?

Na roƙi izini na duba jakunkunan da ke cikin rumbunan da aka nuna mini a garuruwan biyu, na tarar kusan kayan ɗaya ne, har da sunayen jakunkunan. Ba abin mamaki ba ne, gama daga hannu zuwa hannu a ke kwafe su. Wanda ya koyo aiki a Kano ko Kaduna ya dawo da rumbun maigidansa, shi kuma ya zuba wa yaransa. Akwai fiyano iri-iri, da gogen Turawa, da tabla da sitar na Indiya, da gangunan raye-rayen Amurka. Kotso babu. Taushi babu. Kukuma da gurmi da kuntigi babu. Wannan rashi kuwa tsohon gado ne. A 1991 kamfanonin kayan kiɗa suka yi yarjejeniya a kan jerin sauti 128 da a ke kira General MIDI, wanda kowace fiyano mai bin ƙa'idar za ta ƙunsa. A jerin nan akwai sitar da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba daga Afirka, amma ba ko ɗaya daga kayan kiɗan ƙasar Hausa. Da fiyanon Yamaha ta shiga situdiyoyin Kano a shekarun 1990, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigi a rubuce-rubucensa kan kiɗan fina-finan Hausa, sai masu kiɗa suka riƙa neman abin da ya fi kusa: shanai ta tsaya a madadin algaita, wata sarewar waje ta tsaya a madadin tamu. Kunnen da ya tashi da fina-finai irin su Sangaya na 1999 ya saba da wannan musanya har ya ɗauke ta asali. Rumbun waje bai ƙirƙiro wannan hali ba. Ya dai ba shi ƙafafu, ya kai shi ƙauye.

Kalangu kam na same shi, cikin wata jaka mai sunan Turanci, gutsure kaɗan: bugun sama, bugun ƙasa, da wani na tsakiya. A nan ne na ke so mai karatu ya ɗan jure mini, domin a nan ilmin harshe ke da abin cewa.

Kowa ya san Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye gaɓoɓinsa biyu duka sama su ke. Kuka ta miya kuwa ta farko sama, ta biyu ƙasa. Kai da a ke kiran mutum da shi karin sama ne. Kai na bisa wuya karin faɗau ne, yana farawa sama ya gangaro a cikin gaɓa guda. Kalangu yana magana ne don yana iya bin waɗannan. Makaɗi ya rataya shi a kafaɗa, ya matse tsarkiyoyin da suka haɗa fatun biyu, fata ta ɗaure murya ta hau. Ya sassauta, murya ta sauka. In zai faɗi gaɓa mai faɗau sai ya buga yana matse, ya saki tun amon bai mutu ba. Da haka a ke kaɗa wa ɗan dambe takensa a fage ya zabura tun ba a ambaci sunansa da baki ba, da haka kalangan Ɗan Anace da na Mamman Shata ke amsa wa mai waƙa. Aikin yana tsakanin bugu da bugu ne, a hannun da ke matsa. Gutsuren da ke cikin rumbu kuwa bugun kaɗai aka ɗauka, aka yar da hannun.

Akwai abin da ya fi wannan zurfi. A jimlar Hausa karin sama ba a tudu ɗaya ya ke zaune ba. Duk saman da ya biyo bayan ƙasa yana ɗan sauka ƙasa da saman da ya gabace shi, har a doguwar jimla saman ƙarshe ya iya kusantar inda ƙasan farko ya ke. Wannan gangara kowane Bahaushe yana yinta ba tare da ya sani ba, makaɗin kalangu kuma yana binta da damtsensa. Wanda ke da gutsure uku tsayayyu ba shi da hanyar yinta. Abin da ke fitowa ya yi kama da mai karanta kalmomin ƙamus ɗaya bayan ɗaya: kowace kalma daidai ta ke, amma ba wanda zai ce magana ce. Na kunna wa wani tsohon mahauci a Shagari irin wannan kiɗa, na tambaye shi abin da kalangun ke cewa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce yana jin kalangu amma ba ya jin magana.

Masu aikin sun san da wannan rauni, ƙwararrunsu kuma suna ƙoƙarin rufe shi da wata 'yar ƙafa da ke gefen fiyano, wadda ke lanƙwasa murya sama ko ƙasa. Na yaba ƙoƙarin, wani lokaci har yana burgewa. Amma lanƙwasar na'ura tana ɗaga amon ne gaba ɗayansa, kamar faifan garmaho da aka ƙara wa gudu, alhali fatar da aka matse ba tsayin murya kaɗai ta ke sākewa ba, har kaurin amon da daɗewarsa. Kunne yana ganewa ko da baki bai iya bayyanawa ba.

Haka kuma maganar awo. Allon FL Studio yana buɗewa ne da gidaje 16 a layi, huɗu huɗu, mai gaggawa kuwa a nan zai zuba kiɗansa. Kiɗanmu da yawa uku uku ya ke tafiya, gaɓar Hausa kuma ko mai nauyi ce ko marar nauyi, mai nauyi tana cin lokacin marasa nauyi biyu. A kan wannan ne Joseph Greenberg ya gina bayaninsa na karin waƙar Hausa a 1949, Farfesa M. K. M. Galadanci kuma ya faɗaɗa shi a 1975. In aka riga aka kafa gidaje sa'an nan aka nemi kalmomi su shiga, dole a ja gajeren wasali ko a datse dogo. Na ji waƙar biki inda garin da a ke zaune ya koma garin tuwo saboda gidan da gaɓar ta faɗa dogo ne. Sa'an nan a bi muryar da Auto-Tune, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997, ta ja kowace gaɓa zuwa mataki mafi kusa cikin matakai 12 na fiyano. Faɗau ya zama tsalle biyu.

Kada a ce na ɗora wa na'ura laifin da ba nata ba. Waƙa tun asali tana taka karin sauti in rauji ya bukata. Wanda ya saurari Ibrahim Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo da kunnen nazari zai ji wuraren da kalma ta rusuna wa kiɗa. Bambancin shi ne su suna da zaɓi, masu kotsonsu kuma suna iya jinkirta bugu don kalma ta wuce da mutuncinta. Ba kuma cewa na ke yi duk tsohon kiɗa gwani ne ba. Dole kuma a faɗi alherin rumbun: yaron da ba ɗan makaɗa ba, ba shi da ubangida a fada, ba shi da kuɗin ciyar da 'yan amshi, yau yana iya fitar da waƙa daga ɗakin soro a Shagari. Salihu Jankiɗi sai da fadar Sarkin Musulmi ta riƙe shi. Waɗannan janareto da rumbu ke riƙe da su. Gardama a kan kayan kiɗa ma ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. A zamanin zaman Sifawa da Boɗinga Shehu da Abdullahi sun yi rubutu a kan abin da ya halatta na kiɗa, ƙanen ya fi tsanantawa, kamar yadda Veit Erlmann ya tattara a littafinsa na 1986. Su halacci su ke tattaunawa; tawa tambayar ƙarama ce, ta fasaha.

Saura maganar haƙƙi, wadda ta fi damuna bayan na dawo. Wani mai haɗa kiɗa a Shagari, da ya gaji da kalangun aro, ya kira makaɗin garinsu ya sa shi gaban makirufo, ya ba shi ɗan abin goro, ya yanka bugunsa gutsure gutsure. Tunanin ya yi kyau, kiɗansa kuma ya fi na sauran daɗi nesa ba kusa ba. Amma jakar ta riga ta bar hannunsa. Na gan ta a wani rumbu a Boɗinga, an sāke mata suna, ba sunan makaɗin, ba na garinsa. Hannun mutumin nan zai yi ta kaɗa wa amaren da bai sani ba, kuma kowane bikin da aka yi da gutsurensa biki ne da ba a gayyace shi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi haƙƙin mai aikatawa da kariyar fasahar gargajiya. Sai dai doka ba ta iya kare wanda ba a rubuta sunansa a ko'ina ba.

Rumbun kansa kuma ba amintacce ba ne. Mai faifai in ya faɗi daga kan babur, ko aka fizge wayarsa yana cikin rubutu, ko wuta ta ɗauke, yana iya tafiya da kome. Ba ɗaya daga cikin waɗanda na zauna da su da ke da kwafi na biyu. Abin da ke saura bayan irin wannan hasara shi ne MP3 da ya bazu a wayoyin mutane, wanda minti ɗayansa bai fi megabayit guda ba, watau an zubar da wajen kashi tara cikin goma na nauyin fayil ɗin asali, an kuma cakuɗa murya da kiɗa yadda ba mai raba su.

A ganina sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin horon malamai suna da aiki a nan wanda ba wanda zai yi in ba su ba. Tun 1971 David Ames da Anthony King suka buga ƙamus ɗinsu na kalmomin kiɗan Hausa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya rubuta tarihin makaɗa da dama. Sunaye muna da su, amon ne ba mu tara ba ta hanyar da mai haɗa kiɗa zai iya amfani da shi. Taskar da na ke nufi ba ta bugu ɗaya ɗaya ba ce. A ɗauki take cikakke, da jimla cikakkiya, a kan kalangu da jauje da kotso da taushi, kowanne da gudu iri biyu ko uku, a ajiye shi a fayil ɗin WAV wanda ba a matse ba. Kusa da kowane fayil a rubuta abin da gangar ke faɗa, da alamun karin sauti da tsawon wasali, cikin karin harshen makaɗin; in Basakkwace ne ya ce hwara, kada a gyara masa zuwa fara. Sunan fayil ya ɗauki sunan kayan kiɗan da na makaɗin da garinsa da shekara, da haruffan boko marasa ƙugiya don kada wata manhaja ta kasa karantawa, cikakken rubutun kuwa ya zauna a takardar da ke tare da shi. A yi yarjejeniya da makaɗin a rubuce, a karanta masa da baki gaban shaidu. Ɗalibin da aka tura koyarwar gwaji Boɗinga ko Shagari ko Yabo yana iya ɗauko take goma cikin zango ɗaya da na'urar ɗaukar magana ta hannu. Awa ɗaya ta irin wannan ɗauka ba ta kai megabayit 700 ba, rumbu mai terabayit guda zai ɗauki fiye da awa 1,500. A sayi biyu, ɗaya ya zauna a sashe, ɗaya a wani gini dabam.